Babi na Bakwai: Dokin Sukuwa da Shanun Huɗa

Ɗan ƙanwata yana da shago a Rogo. Allon bakin ƙofa ya ce shagon kwamfuta ne, amma aikin da ake yi a ciki ya fi ƙarfin allon: buga takardu, katin ɗaurin aure, fastar 'yan siyasa idan kakarsu ta kama, cike wa yara fom ɗin jarrabawa, sai kuma wanda ya fi kawo masa kuɗi, wato tace bidiyon biki. Shekara biyu yana tari, har da adashi, don ya sauya tsohuwar kwamfutarsa da ta fara numfarfashi. Ranar da kuɗin suka haɗu ya turo mini hotuna biyu ta WhatsApp daga wani shago a Kano.

Ta farko baƙa ce wuluk, ba ado ba kwalliya, kamar akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana. A goshinta an rubuta HP Z440. Ta biyu gefenta gilashi ne, ana hango cikinta, fankoki suna juyi da fitilu ja da kore da shuɗi kamar motar amarya.

"Kawu, wacce ta fi? Mai shagon ya ce baƙar ta injiniyoyi ce, ba ta mutuwa. Yaronsa kuma ya ja ni gefe ya ce mai fitilar ta ninka ta gudu."

Na ce masa duk su biyun gaskiya suka faɗa, kuma kada ya biya ko sisi sai mun yi magana. Maganar da muka yi a daren nan ita ce asalin wannan babi.

Baƙar na cikin jinsin da Bature ya raɗa wa suna wokisteshin. Ni zan riƙa ce mata kwamfutar ƙwararru. Mai fitilar kuwa babbar kwamfutar tebur ce, irin wadda ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa, kuma kasuwarta ta fi ƙarfi a wajen masu wasan gem. A da babu mai rikita su. A farkon shekarun 1980 kamfanoni irin su Apollo da Sun Microsystems da Silicon Graphics ne ke ƙera kwamfutar ƙwararru, da tsarin aikinta daban, da kuɗinta na dubban daloli, sai jami'o'i da manyan masana'antu ke iya saye. A kan irin wannan na'ura, ƙirar NeXT, Tim Berners-Lee ya kafa shafin yanar gizo na farko a cibiyar bincike ta CERN a 1990, kuma da injinan Silicon Graphics aka zana dodannin fim ɗin Jurassic Park na 1993. Kwamfutar gida ta wancan zamani ko kusa ba ta kama ƙafarsu ba. Amma ƙaramar ta yi ta girma tana araha, har ta cinye kasuwar manyan. Silicon Graphics ya durƙushe a 2009, Oracle ya saye Sun a 2010. Yau in ka buɗe cikin Dell Precision ko HP Z ko Lenovo ThinkStation, abin da za ka gani 'yan uwan juna ne da na cikin mai fitila: Intel ko AMD ne suka yi furosesa, katin hoto kuma galibi na NVIDIA. Uwa ɗaya uba ɗaya, tarbiyya ce ta bambanta.

Mu fara da furosesa, tunda a kanta ake yawan yin cacar baki. Furosesa ta zamani ba ma'aikaci ɗaya ba ce, gayya ce. Core i9-14900K, wadda ta yi tashe a manyan kwamfutocin tebur, ma'aikata 24 ke cikinta. Threadripper PRO 7995WX da AMD ya fitar a 2023 don kwamfutar ƙwararru tana da 96. Mai jin wannan lissafi zai ce magana ta ƙare, mai 96 ta yi nasara. To amma duk wanda ya taɓa kiran gayya ya san aiki iri biyu ne. Akwai noma, wanda ake raba kunya-kunya. In ka kawo mutum casa'in gonar da za ta ci sati sai ta ƙare kafin azahar. Akwai kuma haƙar rijiya. Ko mutum ɗari ka tara, ɗaya ne zai shiga ƙasa ya yi sara, sauran sai dai su tsaya a baki suna jan guga da hira. A rijiya ƙarfin damtsen mutum ɗaya ake nema, ba yawan jama'a ba.

Yawancin abin da ake yi a shagunanmu haƙar rijiya ne. Jan zane a CorelDRAW, gyaran hoto a Photoshop, zanen fili ko na gida a AutoCAD, duk sun fi dogara ga saurin ma'aikaci ɗaya ko 'yan kaɗan. A nan kwamfutar tebur ce sarauniya, don ma'aikatanta ba su da yawa amma kowanne ƙaƙƙarfa ne mai zafin nama. Aikin da ke rabuwa kunya-kunya shi ne irin haɗa dubban hotunan sama su zama taswira guda, ko lissafin yadda ruwa zai bi ƙasa, ko fitar da hoton gini mai inuwa da haske kamar na gaske. Nan ne gayyar mutum 96 ke nuna kanta.

Gayya kuma tana son abinci, in ba haka ba ma'aikata su zauna. Abincin furosesa daga ram yake zuwa. Kwamfutar tebur, komai tsadarta, ƙofa biyu gare ta tsakanin ram da furosesa. Babbar kwamfutar ƙwararru tana da huɗu zuwa takwas, kuma rumbun nata yana ɗaukar ninkin-ba-ninkin abin da na tebur ke ɗauka. Haka ma hanyoyin da ake jona katin hoto da ma'adanai masu sauri: waccan Core i9 tana da 20, waccan Threadripper tana da 128. Mai kati ɗaya da ma'adani biyu ba zai taɓa jin wannan bambanci ba. Mai son jona kati uku ko huɗu shi ne zai ji.

Sai abin da ni a ganina ya fi komai raba su, wanda kuma ba a ganinsa da ido. Je ka kasuwar hatsi ka tsaya kusa da mai awo da ya san aikinsa. Yana zuba tiya yana ƙirgawa da baki, amma duk goma sai ya ajiye tsakuwa ɗaya a gefe. In wani ya yi masa sallama ƙirga ta ɓace, tsakuwar nan ce za ta dawo da shi hanya. Ram ɗin kwamfutar ƙwararru yana da irin wannan tsakuwa, sunan tsarin ECC. Duk bayanin da ke cikin kwamfuta jerin sifili ne da ɗaya. Wani lokaci, saboda lahani a jikin ƙwayar ram ko wani burbushin haske da ya ratso daga sararin samaniya, sifili guda kan juye ya zama ɗaya ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ram na gama-gari ba ya sanin an yi. Mai ECC kuwa, irin na zamanin DDR4, a kan kowane ɗigo 64 na bayani yana ƙara 8 na tsaro. In ɗaya ya juye ya gyara shi nan take, in biyu suka juye ya yi kururuwa. Tushen dabarar tun 1950 ne, daga wani masanin lissafi mai suna Richard Hamming.

Shin abin yana faruwa kuwa, ko tatsuniyar 'yan talla ce? Yana faruwa. A 2009 masu bincike daga Jami'ar Toronto da kamfanin Google suka fitar da sakamakon bin diddigin injinan Google na tsawon shekara biyu da rabi, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na injinan kan gamu da irin wannan kuskure aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma yawanci lahanin ƙwayar ne, ba hasken sama ba. Akwai ma labarin da ya shahara na zaɓen 2003 a Schaerbeek ta ƙasar Beljiyam, inda na'ura ta ƙara wa wata 'yar takara ƙuri'a 4,096 daga sama. An gane ne don ƙuri'un sun zarce abin da lissafi zai yarda da shi. Lambar kanta ta tona asiri: 4,096 shi ne daidai abin da ake samu idan ɗigo na goma sha uku ya juye, kuma can masu bincike suka karkata. A wajenmu da an ce maguɗi ne, kuma ba zan ga laifin wanda ya faɗa ba.

Yanzu ka auna. In ɗigo ɗaya ya juye a bidiyon biki, iyakarta wani ɗan tabo ya gifta a gyalen ƙawar amarya na ƙiftawar ido, ko manhajar ta rufe ka sake buɗewa kana tsaki. In ya juye a lissafin kaurin ginshiƙin gada fa, ko a ma'aunin iyakar gonar da 'yan uwa ke shari'a a kanta? Kuskuren da ya yi ƙara ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ya yi shiru, ya shige cikin takarda, aka buga hatimi.

Katin hoto ma labarinsa ɗaya. RTX 4090 da NVIDIA ya fitar a 2022 don masu gem, da RTX 6000 Ada na ƙwararru, ƙwaya iri ɗaya ce a zuciyarsu. Na farko ya fito a kan dala 1,599, na biyu wajen dala 6,800. Me aka saya da wannan rata? Ram ɗin kati gigabait 48 mai ECC maimakon 24. Cin wuta wat 300 maimakon 450. Siririn jiki da zai bari a jera da yawa a akwati ɗaya. Sai kuma takardar shaida. Masu manyan manhajojin injiniya irin su SolidWorks sukan gwada wasu injina da katuna su sa hannu cewa an jarraba, suna tafiya daidai. Idan kamfani mai injiniyoyi ɗari ya samu matsala, yana da wanda zai riƙe wa wuya. Wannan shaida kuɗi ce a Jamus. A Rogo, inda mafi yawan manhajojin da ke kan injinanmu kowa ya san ta yadda aka same su, wa za ka kira ka kai wa ƙara?

To a ƙasar Karaye da Rogo akwai aikin da ya cancanci shanun huɗa, wato kwamfutar ƙwararru? Akwai, kuma ba a ɓoye yake ba. Dam ɗin Challawa yana cikin ƙaramar hukumar Karaye, an kammala shi a 1992, bangonsa ya doshi kilomita takwas, ruwan da aka tsara ya riƙe ya kai wajen kubik mita miliyan 900. Yana ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, kuma ruwan da aka saki daga cikinsa yana bin kogin Challawa, ya haɗu da kogin Kano, ya gangara Hadeja. Duk dam yana tara yashi da laka shekara bayan shekara, cikinsa yana raguwa. Injiniyan da aka ba aikin gano yawan lakar da ta taru, ko ƙauyukan da ruwa zai shafa in an buɗe ƙofofi a tsakiyar damina mai ƙarfi, zai ɗora taswirar tudu da kwarin ƙasar a kan manhaja irin HEC-RAS, ya yanka yankin gida-gida har dubban ɗaruruwa, ya bar na'ura tana lissafi dare da rana. Wannan aiki yana son gayya, yana son babban rumbu, yana son tsakuwar mai awo, yana kuma son injin da zai kwana uku yana huci bai gaji ba. Haka safiyon da ya tashi jirgi marar matuƙi a kan gonakin noman rani ya dawo da hotuna dubu biyu ko uku. In ram ya gaza, aikin ba jinkiri kawai zai yi ba, tsayawa zai yi cak.

Sai dai mu faɗi gaskiya: mutum nawa ne ke wannan aiki? Kuma a ina suke zaune? Yawancinsu a Kano, a ofisoshin hukumomi da kamfanoni da sassan injiniya na jami'o'i irin Bayero da ta Wudil. Sukan zo da mota su ɗauki ma'auni su koma. Waɗanda ke zaune a Karaye da Rogo da kwamfuta a gabansu kullum su ne irin ɗan ƙanwata, da ma'aikatan sakatariya, da malaman makaranta, da cibiyoyin da yara ke koyon danna linzami tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Masu irin wannan cibiya ba doki suke buƙata ba, ba sa ba. Garken tumaki suke so, ƙananan injina masu yawa, iri ɗaya, marasa cin wuta.

Wuta. Duk kwatancen da za ka karanta daga Amurka ko Turai yana farawa ne daga furosesa, don a can ba a tambayar bango. A nan daga bango ake farawa. Waccan Core i9 in ta ɗau zafi tana jan wat 253, katin RTX 4090 yana jan 450; haɗa da allo da fankoki da sauran tarkace, ka doshi wat 800. Batirin inbata na gama-gari, mai amfiya 200 da bolt 12, a takarda yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma in na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ka sha in kana son ya yi ƙarko. Ke nan batir ɗaya awa ɗaya da rabi zai riƙe wannan doki. Ɗan ƙaramin janareton nan da ake kunna wa fanka da talabijin ba zai ɗauke shi ba, sai babba, babba kuma sai mai. Tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. A tsakanin nan naira ta faɗo daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma duk ƙusar da ke jikin kwamfuta da dala aka shigo da ita. Wanda ya zuba duk jarinsa a kan akwati ya bar bango, ya sayi doki ne ba ciyawa.

Kuma ba ɗaukewar wuta kaɗai ba. Akwai wadda ke zuwa ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, akwai wadda ke dawowa da fushi ta ƙone abin da ta tarar. ECC yana gyara ɗigo ɗaya da ya juye. Ba ya gyara aikin awa shida da ya tafi saboda wuta ta ƙifta. A ƙasarmu yufiyes mai kyau da sitabilaiza sun fi ECC ceton aiki sau ɗari. Ko nan ma da tarko: akwatin wutar manyan injina na zamani ba ya shiri da yufiyes mai araha wanda wutarsa ke fita a kakkarye, wani lokaci da an ɗauke wuta sai injin ya mutu tare da ita kamar ba a jona komai ba. A nemi mai fitar da wuta sumul irin ta layi, ko da ya fi tsada.

Sannan zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan taɓa digiri 40 a inuwa, shagon kwano kuwa sai wanda ya shiga. Furosesa in ta ji zafi ya yi yawa da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, sai ka ga dokin da aka saya don sukuwa yana tafiyar jaki. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta kowace kafa ta yi wa fankoki bargo. Akwatin gilashi mai fanka tara, tara ne ƙofofin shan ƙura. A nan dole a yaba wa kwamfutar ƙwararru: an zana hanyar iskarta da lissafi, ba a matsa wa kayan cikinta su yi gudun da ya wuce ƙima, kuma ana buɗe ta a share ba tare da sukuddireba ba. Matsa wa furosesa lamba yana da farashi. A 2024 Intel da kansa ya amsa cewa wasu manyan furosesoshinsa na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman wutar da ta wuce kima har suna lalacewa a hankali, ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Mai saye a Landan ya mayar an canja masa. Mai saye a nan, wanda tasa ta biyo hannu uku kafin ta iso shi, sai dai ya ce Allah ya mayar da alheri.

Garantin nan ma wani babban yanki ne na kuɗin sabuwar kwamfutar ƙwararru. A ƙasashen da aka tsara abin dominsu, ana sayar da ita da alkawarin shekara uku, in ta lalace a turo makaniki har ofis washegari. Daga Karaye zuwa Kano tafiyar kusan kilomita casa'in ce, Rogo ta fi haka, kuma kai ne za ka rungumi akwatinka a mota ka kai. Ka biya kuɗin alkawarin da ba zai iso ƙofarka ba.

Wannan ya dawo da mu kan baƙar da ke cikin hoton, don ita ba sabuwa ba ce. Z440 ta fito ne a 2014. Irinta kamfanonin Turai da Amurka ke sallama bayan sun more su, a loda a kwantena, su sauka Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu su ƙaraso titin Beirut a Kano. Tokumbo ke nan, kuma ita ce ainihin kwamfutar ƙwararru da mutumin Karaye zai iya kaiwa gare ta. Ina da rauni a kanta, ba zan ɓoye ba. Ƙarfen jikinta kauri gare shi, akwatin wutarta an yi shi ya karɓi daga bolt 100 zuwa 240, a baya ram ɗinta mai ECC ya daɗe yana araha a kasuwar gwanjo saboda manyan kamfanoni da yawa suke zubar da shi. Ga ɗalibin injiniya ko matashin safiyo da ke son babban rumbu da kuɗi kaɗan, samunta alheri ne.

Amma araha ba ta ado. Abu na farko, tsufa. Furosesar Xeon ta shekara goma da suka wuce, ma'aikacinta ɗaya ko kusa bai kai ƙarfin na Core i5 ta yau ba, ga cin wuta ko tana zaune. Na biyu, bidiyon da wayoyi da kyamarorin yanzu ke ɗauka a dunƙule yake ƙwarai, kuma sababbin furosesoshi da katuna suna da wani sashe na musamman da aikinsa kawai warware wannan ƙulli. Tsohuwar Xeon ba ta da shi, tsohon katin Quadro da ake haɗo ta da shi ma sau da yawa bai san sabon ƙullin ba, sai ka ga bidiyo yana tafiya yana tuntuɓe. Na uku, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesoshin wancan zamani. Ana yi mata dabara ta hau, kowa ya sani, ko a koma Linux, amma mai saye ya san da wannan kafin ya biya. Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai. Akwatin wuta da uwar allon waɗannan injina ba irin na kowa ba ne, kamfanin ya yi su da siffarsa da wayoyinsa. Ranar da wuta ta ƙone shi, ba za ka shiga kowane shago ka ɗauki wani ba, sai an nemo irinsa sak, watakila daga Legas, watakila daga gawar wata. Haɗaɗɗiyar kwamfutar tebur kuwa komai nata na gama-gari ne. Kowane yaro mai gyara a titin Beirut zai zare ya sa wani kafin ka gama cin abinci. Wato ita da aka yi don kada ta tsaya, in ta tsaya a nan ta fi daɗewa a kwance.

Akwai ma wata hanya ta uku da ta fara shigowa, ƙananan injina masu shan wuta kamar ƙwan fitila. Mac mini na 2024, wanda bai fi kwanon sha girma ba, a aikin yau da kullum bai kai wat 100 ba, kuma yana tace bidiyo lafiya lau. Aibinsa ba a ƙara masa ram bayan saye, in ya lalace kuma masu taɓa shi kaɗan ne. Amma ga mai sola, lissafin yana da daɗi.

Na tambayi ɗan ƙanwata abu uku a daren nan. Wane aiki ne ya fi cinye maka lokaci? Ya ce bidiyo. In kwamfutar ta yi kuskuren da ba ka gani ba, wa zai cutu? Ya yi dariya ya ce sai dai amarya ta fito da kunne uku. Awa nawa kake samun wuta, kuma nawa ka ware mata? Nan ya yi shiru.

"Kawu, ai duka kuɗin na kwamfutar ne."

"To raba su biyu, ɗana. Baƙar ba taka ba ce, ta mai auna dam ce. Mai fitilar ma ba taka ba ce, ta ɗan mai kuɗi ce da ke wasa a ɗaki mai sanyi."

Bai ji daɗi ba, na ji a muryarsa. Ya riga ya gama hango fitilun nan suna walƙiya a shagonsa, yara sun yi cincirindo a taga. Amma ya koma wajen mai shagon washegari suka zauna aka harhaɗa masa matsakaiciya: Core i5 ta zamani, ram gigabait 32, katin hoto madaidaici, ma'adanin SSD, da akwati marar gilashi mai ragar tace ƙura a gaba. Duka-duka ba ta wuce wat 300 in tana aiki. Ragowar kuɗin ya sayi faifan sola da batir da inbata, da wani ma'adani na waje da na nace a kansa, don ya riƙa kwafe bikin mutane kafin ya taɓa shi.

Da na je Rogo bayan sallah na tarar da ita a ƙarƙashin tebur, ya ɗora ta a kan bulo biyu saboda ƙurar ƙasa, ya yafa mata tsohon ɗankwalin mahaifiyarsa. Garin babu wuta tun safe, shi kuwa yana tace wani kamu, amarya tana tafe a allo ba tuntuɓe. A gefen akwatin na lura ya manna wata 'yar siririyar fitila mai canja launi, irin ta 'yan acaɓa, ya jona ta da batir.